Ana kira na Injiniya a gida, ni kuwa lissafi ya kayar da ni

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a a nan Arewa. A sakandare ban taɓa wuce na uku ba, kuma tun ranar da sunana ya fito, daga gidanmu har mai shayin bakin layi Injiniya suke kira na. Yanzu na yi zango uku, ina da kariyoba biyu, wato darussan da na faɗi sai na maimaita su, lissafi da darasin da'irar lantarki, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, ya sauko 2.3. Mahaifina ƙaramin ɗan kasuwa ne, bashi ya ci ya biya mini rajistar bana, kuma bai san halin da nake ciki ba. Na shigo ne don in koyi ƙera abubuwa da hannuna, amma kullum abin da nake gani allo ne cike da x da y. Abokina da muka gama tare bai ci gaba da karatu ba, haɗa sola yake yi, har ya sayi babur. Barci ya ƙaurace mini. In bar karatun in bi shi, in canza kwas, ko in daure?

Ɗanka, daga Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Kada ka bar karatun nan a bana, kada kuma ka cike takardar canjin kwas a wannan zangon. Ka ba kanka zango ɗaya cikakke, ka yi karatu ta wata hanya dabam da wadda ka saba, sannan ka yanke hukunci da sakamako a hannunka. Kafin zangon ya yi nisa kuma, mahaifinka ya ji labarin daga bakinka. Amsata ke nan. Bari in gaya maka dalilaina.

Ka ɗauka kanka ne ya gaza. Shekaru da yawa ɗaliban injiniya suna wucewa ta hannuna a wajen aiki, kuma irinka, masu ɗaukar na ɗaya da na biyu a sakandare, su ne aji biyu ya fi gigitawa. Yaro mai kaifin hadda yana iya cin WAEC da JAMB da maki mai kyau ba tare da ya taɓa zama minti talatin a kan tambaya ɗaya da ta fi ƙarfinsa ba. Tambayoyin suna kama da juna, ka haddace ƙa'ida, ka gane fuskar tambaya, ka zuba lambobi, amsa ta fito. A aji biyu na injiniya wannan dabarar take mutuwa. Malami zai warware misali uku a allo, ranar jarrabawa ya kawo na huɗu wanda a fuska bai yi kama da ko ɗaya ba, alhali cikinsu ɗaya ne. Wanda ya haddace ukun nan sai ya zauna yana kallon takarda.

Ni ma lissafi ya kayar da ni a aji biyu. Har yau ina tuna tsayuwata a gaban allon sashe ina bin lambobi da yatsa, da yadda na koma ɗaki na kasa cin abinci. Wani ɗan ajinmu ne ya zaunar da ni, ya miƙo mini biro ya ce in warware tambaya ɗaya a gabansa. A layi na uku na maƙale. Da muka duba, ashe kalkulas ɗin da nake zargi ba shi da laifi, aljabara ce ta sakandare take yi mini ƙafar ungulu. Ina fahimtar abin da malami yake faɗa sarai, in na zo juya lissafin da hannuna sai in ɓata alama ko in kasa rarraba kashi. Ina kyautata zaton ramin da kake faɗawa yana can baya kamar nawa: aljabara, lissafin kusurwoyi, logarizim. Ka koma musu ba tare da jin kunya ba. Mako uku na gaske ya isa ka toshe mafi yawan ramukan.

Sai yadda za ka riƙa karatu. Kallon malami yana warware lissafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, kamar yaron tela da ya shekara yana kallon maigidansa yana yanka shadda, ran da aka miƙa masa almakashi hannu ya hau rawa. Kowace rana ka ware awa biyu, bayan asuba ya fi, ka ajiye waya nesa. Ka karanta misali ɗaya, ka rufe littafi, ka warware shi da ka. In ka maƙale, ka daure minti goma sha biyar kafin ka leƙa. Sannan ka shiga tambayoyin ƙarshen babi, waɗanda yawancin ɗalibai ba sa taɓawa. Ka sami ƙaramin littafi da za ka riƙa rubuta kowane kuskure da ka yi da dalilinsa, ranar Juma'a ka yi tishinsa. Littafin lissafin injiniya na Stroud, wanda da wuya ka rasa shi a ɗakin karatun tsangaya ko a hannun 'yan aji uku, an gina shi ne mataki-mataki, kana amsa ƙaramar tambaya kafin ka wuce ta gaba, don haka ya dace da mai gyaran tushe. In kana da data, akwai laccocin NPTEL na manyan makarantun fasaha na Indiya kyauta a YouTube, amma ka kalla da biro a hannu, kana tsayar da bidiyon kana gwadawa.

Ka nemi mutum biyu ko uku, kada su wuce haka, ku riƙa haɗuwa sau biyu a mako, kowa ya tashi ya yi wa sauran bayani a allo. Ku yi da Hausa in ta fi zama muku. Wanda ya iya bayyana dokar Kirchhoff, wadda take nuna yadda wuta take rarrabuwa a da'ira, da Hausa har ɗan'uwansa ya gane, ya riƙe ta ke nan, Turancin jarrabawa ba zai gagare shi ba. Kwanan aji ana gobe jarrabawa kuwa, ka bar shi. Yana iya fitar da mutum a darasin da ake haddacewa, amma lissafi hannu ne yake sabawa da shi a hankali, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ita ce take mayar da alamar ɗebewa ta tarawa.

Yanzu ga maganar da ta fi taɓa ni a wasiƙarka, cewa ka zo ƙera abubuwa sai aka haɗa ka da x da y. Kana da gaskiya a wani ɓangare. Da yawa daga ɗakunan gwaje-gwajenmu kayansu sun tsufa, ɗalibi ashirin suna kewaye da na'ura ɗaya, mutum biyu suna taɓawa sauran suna kwafar lambobi. Kuma ba kowane malami ne yake tsayawa ya nuna inda lissafin allo yake zaune a duniya ba. To bari ni in nuna maka, da sana'ar abokin naka.

A ce gida yana jan wat 1,200. In batirin da aka haɗa wa inbata na bolt 12 ne, wutar da za ta bi ta wayar batir amfiya 100 ce, ko ma fiye in an sa asarar inbata. In aka jera batiran suka zama bolt 48, amfiya 25 ce kawai. Zafin da waya take yi yana tafiya ne da amfiya sau kanta, saboda haka rage ta sau huɗu yana rage zafin sau 16 a waya iri ɗaya. Na taɓa shiga wani gida da aka kira ni bayan wayar batir ta narke ta baƙanta bango, Allah ya tsare ba a yi gobara ba. Wanda ya yi haɗin yana da hannu mai kyau, aikinsa tsaf, amma ya sa siririyar waya inda amfiya ɗari take wucewa, domin ba wanda ya taɓa nuna masa wannan lissafin na layi biyu. Dalilin nan ne kuma ya sa ake ɗauko wuta daga Kainji da Shiroro a kan bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000 a manyan tashoshi irin ta Kumbotso, sannan 33,000 da 11,000, kafin taransifomar unguwarku ta mayar da ita wadda za ta kunna fanka. Dokar da ta narka wayar gidan can ita ce ta tsara layin wutar ƙasa baki ɗaya.

Ka lura da yadda ƙwan lantarki yake dusashewa na ɗan lokaci idan mai niƙa na maƙwabta ya tayar da injinsa? Moto, wato injin da lantarki yake juyawa, yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da ya saba ja a lokacin tashi. Yadda wannan wutar take hawa ta sauka cikin daƙiƙoƙi, da yadda kafasita, ƴar na'urar da take tara caji, take cika ta huce, shi ne kalkulas ɗin da ake rubuta muku. Lambobin nan masu harafin j da suka hana ka barci a darasin da'ira, an kawo su ne domin wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma a cikin moto ko taransifoma amfiya tana biyo bayan bolt, ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da wannan j ɗin ake lissafa girman kafasitar da za a sa wa injin casar shinkafa a Kura don ya daina jan wutar banza. Farantin sola kuma, ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafi digiri 25. A kan rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu farantin yana wuce haka nesa, ƙarfinsa ya ragu, ga ƙurar hunturu a nata lokacin. Mai haɗawa da ido yana gane haka ne bayan batir ya mutu wa mai gida. Kai ana koya maka ka gane tun kafin a sayi ƙusa ɗaya.

Saboda haka ban ce ka guji abokinka ba. Ka je wurinsa. Ranakun Asabar da duk hutun zango ka zama yaronsa, ka ɗauki tsani, ka hau rufi, ka koyi murɗa waya da ɗaure kan batir, abubuwan da ya fi ka iyawa kuma jami'a ba za ta koya maka ba. Ka sayi ƙaramar mita ta awon wuta, ba ta da tsada, ka riƙa auna duk abin da kuka haɗa kana gwada shi da abin da lissafi ya ce. Ranar da ka lissafa amsa a takarda, ka ɗora mita ta nuna maka kusan lambar nan, darasin da'ira zai sauya maka kama. Kuma ɗan abin da za ka samu zai rage wa mahaifinka nauyin kuɗin hannu. Babur ɗin abokinka halalinsa ne, Allah ya ƙara masa. Sai dai ka sani shi ya riga ka shiga kasuwa da shekara biyu, kai kuma kana kan hanyar shekara biyar, kuma yajin aiki yana iya ƙara ta, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. In ka riƙa auna kanka da shi kowane wata, zuciyarka ba za ta zauna ba.

Ga lissafin makinka, don tsoro ya daina ƙara masa girma. Mu ɗauka ka yi yunit 60, wato jimillar nauyin darussanka, a zango uku, a kan 2.3, maki 138 ke nan. Mu ɗauka kuma saura yunit 120. In daga yau C kawai kake samu a komai, wato maki 3 a kowane yunit, za ka gama da kusan 2.8, wato digiri mai daraja ta biyu ƙarama, wadda take farawa daga 2.40. In kana son babbar, wadda take farawa daga 3.50, sai ka riƙe matsakaicin 4.1 har ƙarshe, wato B da ɗan A jefi-jefi. Da wuya, amma na ga waɗanda suka yi. Yunit ɗin sashenku zai ɗan bambanta da nawa, kuma a yawancin jami'o'inmu F ɗin da ka samu yana nan cikin lissafi ko bayan ka sake darasin, don haka ka zauna da malamin da yake kula da ajinku ku buga lambobin gaskiya. Ka tambaye shi kuma yadda za ka jera darussa don kariyoba ba ta yi karo da wani darasin a jadawali ba, da waɗanne darussan aji uku ne ba a yarda ka ɗauka sai ka ci waɗannan biyun. Ɗalibai suna gudun ofishin nan sai abu ya lalace, alhali don irin wannan aka ajiye shi.

Canjin kwas ba abin kunya ba ne, amma ka san abin da kake gudu. In lissafi kake gudu, yana jiranka a fiziks, yana jiranka a kimiyyar kwamfuta, yana nan a kowane reshe na injiniya. In ka yi zango guda kamar yadda na faɗa, da gaske, ba ranar da ka tsallake, sannan ka sake faɗuwa darussan nan biyu, ka kuma ji ko a kan rufin abokinka zuciyarka ba ta motsawa da aikin, to a nan magana ta canza. Akwai hanyar kwalejin fasaha, irin ta Kaduna ko ta Kano, inda aikin hannu ya fi yawa, a yi ND a yi HND. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya, rukuni huɗu take yi wa rajista: injiniyoyi, masana fasaha, ƙwararrun ma'aikatan fasaha, da masu sana'ar hannu. Kowanne yana da gurbinsa a wajen aiki, kuma na yi aiki da masu HND da nake tsayawa in saurara idan suna magana a gaban taransifoma.

Ba zan ce maka takardar digiri tana zuwa da aiki a manne ba. Akwai masu ita da yawa a gida. Abin da na gani yana raba waɗanda suka samu da waɗanda suka jira shi ne abin da hannunsu ya iya ranar da suka fito. Shi ya sa tun yanzu nake ja maka kunne kan SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara a 1973, wanda a yawancin tsangayoyin injiniya wata shida ne a aji huɗu. Wasu ɗalibai suna neman inda za a buga musu hatimi a littafi su koma gida su kwanta. Kai ka fara neman wuri tun kana aji uku, kamfanin rarraba wuta, tashar TCN, kamfanin da yake dakon wuta a manyan layuka, ko wata masana'anta a Sharaɗa, Challawa ko Bompai, inda za ka sa hular kwano ka yi datti. Wata shidan nan sukan fi shekara biyu na aji amfani a ranar ganawar neman aiki.

Sunan Injiniya da ake kiran ka da shi, ƙauna ce da fata, kada ka mayar da shi bashi a wuyanka. A doka ma, wanda ya gama digirin bai zama injiniya mai rajista ba sai ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin manya, COREN ta tantance shi. Kai ɗalibi ne, kuma ɗalibi yana faɗuwa darasi ya sake. In mai shayi ya ce Injiniya, ka ce Allah ya sa, ka wuce.

Saura mahaifinka, kuma wannan ne nake ganin yake hana ka barci fiye da lissafin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kariyoba ta ja maka ƙarin zango, zai sani ko ka so ko ka ƙi, kuma a ranar zafin ɓoyewar zai fi masa zafin faɗuwar. Mutumin da ya ci bashi dominka ya cancanci ya san inda kuɗinsa yake. Ɗan kasuwa ne, ya san kaya sukan kwanta, ya san ana faɗuwa a tashi. Abin da ba zai so ba shi ne yaron shago da yake ɓoye littafin ciniki. Ka zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, bayan isha ko ranar da ba ya fita kasuwa. In bakinka ba zai iya farawa ba, ka fara gaya wa mahaifiyarka, ko wani kawunka da yake jin maganarsa, su share maka hanya, amma kai za ka faɗa da kanka. Ka durƙusa ka ce: Baba, na faɗi darasi biyu, na gano inda matsalar take, ga abin da na fara yi, ina neman addu'arka da haƙurinka zuwa ƙarshen zangon nan. Ka tafi da takardar sakamakon a hannu. Zai yiwu ya yi faɗa, zai yiwu ya yi shiru kwana biyu. Ka jure, kada ka kare kanka da laifin malamai ko na jami'a, ko da akwai gaskiya a ciki.

Game da barcin, ina sa ran zai dawo idan ka sauke wannan kayan. In ya wuce mako biyu bayan haka ba ka runtsawa, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, ka je asibitin makaranta ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mini, ka kuma sanar da wani babba da ka yarda da shi. Kada ka riƙe wannan kai kaɗai.

Wannan makon, ka ga malamin ajinku ranar Litinin, ka samo tsofaffin tambayoyin jarrabawar darussan nan biyu na shekara biyar baya, ka kira abokinka ka ce masa Asabar kana tafe. Idan sakamakon zangon ya fito ka sake rubuto mini, ka gaya mini makin lissafi, da abin da Baba ya ce, da kaurin wayar da kuka sa a haɗin farko da ka lissafa da kanka. Allah ya buɗa maka, ya sanya albarka a karatun.